Ɗaki Ɗaya, Yaya da Ƙaninta: Yadda Aka Shirya Wa Yara Biyu Makwanci Har Suka Daina Faɗa

Asalin lamarin

Gidan mai ɗakunan kwana biyu ne. Ɗaya na iyaye, ɗaya na babbar 'yarsu, wadda take da shekara 7 lokacin da abin ya faro. Ƙaninta yana da shekara 4, kuma tun da aka haife shi a ɗakin iyayen yake kwana, a ƙaramin gado kusa da nasu. Da uwar ta samu juna biyu, sai ya zama dole a samar wa jaririn da ke tafe wuri. Iyayen suka yanke shawarar mayar da yaron ɗakin yayarsa tun da sauran wata 4 a haihu, don kada ya ɗauka jaririn ne ya kore shi.

Ga yadda ɗakin yake. Faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 3.8, daga ƙasa zuwa silin mita 2.6. Ƙofa tana kusurwar dama idan mutum ya shigo, kuma makunnin fitila yana jikin bangon da ke dab da ita. Taga ɗaya ce, tana bangon ƙurya, ta fi karkata hagu. Akwai fanka a tsakiyar silin, da fitila ɗaya kusa da ita, da kabad na tufafi mai faɗin santimita 120 a jikin bangon hagu. Katifar kowane yaro faɗinta santimita 90, tsawonta 190, wato gadaje biyu za su cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na filin ɗakin.

Yarinyar ta yi shekara 3 tana kwana a ɗakin ita kaɗai. Ta san inda kowane abu nata yake: littattafan makaranta a kan ƙaramin tebur, fensiran zane cikin gwangwani, 'yan tsana a jere a bakin taga. Yaron kuwa bai taɓa kwana nesa da uwarsa ba, yana tsoron duhu, kuma yana cikin shekarun da duk abin da ido ya gani sai hannu ya taɓa. Da aka gaya musu shirin, shi ya yi ta tsalle. Ita tambaya ɗaya ta yi: "Mama, to ina zan riƙa ajiye kayana?" Aka ce mata kada ta damu, za a yi wa ɗakin kwalliya, kowa da ɓangarensa.

Wata na 1 zuwa na 2: raba ɗaki da fenti

Abin da iyayen suka fara yi shi ne abin da mutane da yawa kan yi. Aka kira mai fenti, ya raba ɗakin biyu a tsaye, daga bangon ƙofa zuwa bangon taga. Ɓangaren hagu ruwan hoda, na dama shuɗi mai duhu. Inda launukan suka haɗu aka ja farin layi, har a kan daɓe aka manna farin salatef domin layin ya ci gaba. Gadon yarinyar ya koma jikin bangon hagu, na yaron jikin na dama. Tsakanin gadajen ya rage santimita 120, kowa ya samu 60. Aka sayo zannuwan gado masu furanni da masu motoci, aka manna hotuna a bango. Duk wanda ya leƙa ɗakin sai ya yaba.

Ba a tambayi yaran wane launi suke so ba, domin an ɗauka amsar a fili take. Alhali wannan rabo na ruwan hoda ga mace, shuɗi ga namiji, ba daɗaɗɗen abu ba ne ko a ƙasashen da ya samo asali. A 1918 wata mujallar masu sayar da kayan jarirai a Amurka ta shawarci iyaye da akasin haka, wato ruwan hoda ga maza, shuɗi ga mata, kuma sai bayan shekarun 1940 tsarin da aka sani yau ya kafu. Daga baya an gano yarinyar kore take so, yaron kuma ruwan ɗorawa.

Kwana uku na farko sun wuce lafiya. Daga nan layin ya fara aiki, amma ba irin aikin da aka so ba. Ƙofa da makunnin fitila sun faɗa ɓangaren yaron, taga da kabad sun faɗa ɓangaren yarinyar. Ba ta da hanyar shiga ko fita sai ta taka nasa, shi kuma ba ya iya ɗaukar riga sai ya taka nata. Yaro ɗan shekara 4 yakan riƙe doka da ƙarfi idan ya ga ta ba shi iko. Sai ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa: "Yaya, nan nawa ne, sai kin roƙe ni." Ita kuma ta rama, ta hana shi leƙa taga. Wata rana uwar ta tarar da shi tsaye da ɗan kamfai, yatsun ƙafarsa daidai bakin salatef, yana kuka, domin an ce idan ya tsallaka sai ya biya da motarsa ja.

Shuɗin mai duhu ya kawo tasa matsalar. Ɓangaren dama dama shi ne nesa da taga, fentin kuma ya ƙara shanye ɗan hasken da ke isa wurin. Da yamma gefen yaron kan yi duhu tun kafin na yayarsa. Ya fara tashi cikin dare yana komawa ɗakin iyaye, kusan kullum.

Aka ɓare salatef ɗin ƙasa a ƙarshen wata na 2. Layin bango ya rage, yaran kuma suka ci gaba da aiki da shi, suna auna iyaka da ido.

Wata na 3 zuwa na 4: gado mai hawa biyu

Uban ya ga cewa ƙarancin fili ne ke haddasa rigimar. Idan aka ɗora gado kan gado, za a samu wurin wasa, layin kuma ya rasa ma'ana. Aka kawo gado mai hawa biyu na katako, irin wanda ake iya rabawa ya koma gadaje biyu, aka jingina shi da bangon dama. Yarinyar a sama, yaron a ƙasa.

Wannan rabon ya dace da shawarar masana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar duk suna cewa kada yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a hawan sama. Ƙa'idarsu ta kuma ce shingen gefe ya zama a ɓangarori biyu, ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5, wato kusan santimita 13, kuma kada giɓin da ke jikin shingen ya wuce inci 3.5, kusan santimita 9, don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. Gadon ya cika waɗannan sharuɗɗan.

Fili ya samu kuwa. Sai dai an manta da fanka. Faɗinta santimita 120 ne, tana tsakiyar ɗaki mai faɗin mita 3, don haka bakin fukafukanta yana kaiwa daidai gefen gadon sama. Idan yarinyar ta zauna ta miƙa hannu, za ta iya taɓa ta. Dole aka daina kunna fankar, aka kawo ta ƙasa. Iskar ta ƙasa ba ta isa sama sosai, zafi kuma sama yake taruwa, sai yarinyar ta riƙa tashi da gumi. Saukowa da tsani cikin magagin barci ma ya zame mata abin tsoro, har ta fara ƙin shan ruwa da dare don kada fitsari ya tashe ta.

Shi kuwa yaron bai ga dalilin da zai sa a hana shi sama ba. A idonsa an ba Yaya bene, shi an bar shi a ƙasa. Duk lokacin da ba kowa a ɗakin sai ya hau. An yi masa faɗa, an cire tsanin da rana, ya koma hawa ta kan katakon ƙafar gado. A mako na 6 da kawo gadon ya zamo daga mataki na uku, ya bugi haɓa, leɓensa ya fashe. Raunin bai kai ga ɗinki ba, amma a daren aka sauke gadon sama.

A cikin wannan watan aka haifi jaririn. Hankalin iyayen ya rabu, barcinsu ya ragu, ɗakin yaran kuma ya koma yadda yake a farko: gado a hagu, gado a dama.

Wata na 5: labule a tsakiya

Wata 'yar'uwar uwar ce ta kawo shawarar labule: tunda yarinyar sirri take nema, a raba su da ƙyalle. Aka ja waya daga bango zuwa bango a tsayin mita 2, ƙasa da fanka, aka rataya labule mai kauri.

Yarinyar ta ji daɗinsa, ita kaɗai. Labulen ya tare hasken taga da iskarta gaba ɗaya daga ɓangaren yaron, ya kuma ɓoye masa yayarsa, wadda ganin ta a kwance ne kawai ke kwantar masa da hankali cikin dare. Idan fanka ta kaɗa ƙyallen, sai ya ga kamar wani ne ke motsi a bayansa. Dawowarsa ɗakin iyaye ta ƙaru, kuma yanzu idan ya shigo yana tashin jariri. Da rana kuwa labulen ya zama abin lilo. A mako na 3 ya rataya a jikinsa, ƙugiyar ta fizge daga bango da guntun siminti, wayar ta faɗo a kan gadonsa. Ganin doguwar waya a sake kusa da wuyan yaro ya isa. Ba a mayar da labulen ba.

Wata na 6: an dakatar da saye, an fara rubutu

A nan uwar ta ce kada a sake sayen komai sai an san ainihin abin da ake faɗa a kansa. Ta ajiye ƙaramin littafi a kan kabad. Duk lokacin da rigima ta tashi, wanda ke kusa a cikin iyayen zai rubuta lokaci, da wurin, da abin da ya jawo ta. Aka yi haka mako biyu.

Rigingimun da aka rubuta sun haura 20. Kusan rabinsu tsakanin ƙarfe 7:30 da 9 na dare suka faru, kuma a kan fitila: ita tana son ta gama aikin gida ko ta karanta littafi, shi barci ya kama shi amma haske ya hana shi, idan aka kashe don shi, ita ta yi fushi, shi kuma ya ce duhu ya yi yawa. Kashi na biyu a kan kayanta ne: ya zana mota a littafin lissafinta, ya karya kan fensiran zane, ya cire wa 'yar tsana hannu. Kashi na uku da safe ne, lokacin shirin makaranta, domin ta fara jin nauyin sauya kaya a gabansa, tana korar sa waje, shi kuma yana ƙin fita. 'Yan kaɗan da suka rage irin na kowane wa da ƙani ne, zo mu zauna zo mu saɓa. Babu ko ɗaya a kan launi, ko furanni, ko motocin zanin gado.

Littafin ya nuna wani abu kuma: ana kwantar da su lokaci ɗaya, ƙarfe 8:30, saboda ɗakinsu ɗaya. Buƙatarsu kuwa ba ɗaya ba ce. Shawarar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2016 ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini, har da barcin rana, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaron ya riga ya daina barcin rana, ana tashin su ƙarfe 6:30, kuma sau da yawa ba ya samun barci sai bayan ƙarfe 9 saboda hasken fitilar silin. Ke nan abin da yake samu bai kai awa 10 ba. Haske mai ƙarfi dab da kwanciya yana danne sinadarin melatonin da ke kawo barci, kuma wani bincike na Jami'ar Colorado da aka buga a 2018 ya nuna abin yana da ƙarfi ƙwarai a jikin yara 'yan ƙasa da shekarun firamare. Yaron da bai ƙoshi da barci ba kuwa ba ya buƙatar dalili kafin ya yi rigima.

Daga nan iyayen suka zaunar da yaran ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba. Tambaya biyu aka yi wa kowa: me kake so ya zama naka kai kaɗai, kuma me ba ka so a ɗakin? Yarinyar ta ce tana son wurin da hannunsa ba zai kai ba, da fitilar da ita ke kashewa. Yaron ya ce: "Baba, ina so in riƙa jin Yaya idan na farka." Ya kuma ce ba ya son bangon nan mai duhu.

Wata na 7: sabon shiri

Uban ya auna ɗakin da tef, ya zana shi a takarda, ya yanka 'yan takardu daidai girman gadaje da kabad, suka yi ta matsar da su shi da uwar kafin a ɗaga ko da kujera.

Aka fara da fenti. Duk bangon ya koma launi ɗaya, ruwan madara mai haske. Idan aka cire ƙofa da taga, bangon ya kai murabba'in mita 32, kuma lita ɗaya takan rufe kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya. Ɓangaren ruwan hoda shafa biyu ya ishe shi, shuɗin sai da aka yi masa uku kafin ya daina leƙowa. An zaɓi fenti na ruwa wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, aka kuma duba jikin gwangwanin don tabbatar da babu dalma a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin yara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma har yanzu akwai ƙasashen da ba su hana fenti mai dalma ba. Yaran sun kwana a falo har warin ya fita.

Sai gadaje. Maimakon su fuskanci juna, aka jera su a kusurwar ƙurya ta dama, ɗaya a jikin bangon taga, ɗaya a jikin bangon dama, kawunansu suna haɗuwa a kusurwar. A daidai mahaɗar kafinta ya ƙera akwatin katako mai faɗin santimita 90 ta kowane gefe, tsayinsa 120. Wannan akwatin shi ne ginshiƙin shirin duka. Yana da fuska biyu: wadda ke kallon gadon yarinyar kantoci ne nata, wadda ke kallon gadon yaron nasa. Idan suka kwanta, kawunansu ba su fi mita ɗaya tsakani ba, suna jin numfashin juna, amma ba sa ganin fuskar juna, kuma hasken ɓangare ɗaya ba ya faɗawa idon wanda ke ɗaya ɓangaren. A kantar sama ta gefenta aka sa ƙaramar ƙofa mai makulli, aka ba ta mabuɗi ɗaya, uwar ta riƙe ɗaya. Nan fensiran zane da littattafan makaranta suka koma.

Yarinyar aka ba gadon da ke ƙarƙashin taga, ba yaron ba, domin shi mahayi ne. Duk da haka an sa wa tagar maƙali wanda ba ya barin ɓangaren ƙasa ya buɗe fiye da santimita 10, aka kuma cire labulen taga mai igiyar ja, aka sa mara igiya. Akwatin kusurwa da kabad duka an ɗaure su da bango da ƙarfe da dogayen ƙusoshi. Kayan ɗaki masu tsayi sukan kife a kan yaro idan ya buɗe durowa ya taka. A 2016 kamfanin IKEA mai sayar da kayan ɗaki ya janye durowoyi kusan miliyan 29 daga kasuwa a Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanya, kuma daga 2023 dokar ƙasar ta tilasta wa masu ƙera irin waɗannan kaya cika sharuɗɗan tsayuwa da ƙarfi. Ga yaron da ya riga ya nuna zai hau duk abin da ya samu, ba a tsaya jayayya a kan wannan ba.

Fitila ta zama uku. Ta silin tana nan don wasa da shara, amma ana kashe ta ƙarfe 7. A cikin kantar yarinyar aka maƙala ƙaramar fitilar karatu mai wuyan lanƙwasa, haskenta na sauka a kan littafi kawai, makunninta a hannunta. A gefen yaron aka sa 'yar fitilar dare mara ƙarfi, mai haske ruwan goro, can ƙasa kusa da daɓe. Lokacin kwanciya ma ya rabu: shi ƙarfe 7:30, ita 8:30. A cikin wannan awa ɗaya tana aikin gida a falo, sannan ta shigo a hankali ta yi karatun minti 15 a gadonta. Ita ta ɗauki wannan a matsayin girma da aka ba ta, ta kuma kiyaye shi.

Matsalar sauya kaya da ƙaramin aiki aka magance ta. Aka matsar da kabad santimita 90 daga bangon ƙofa, sai lungu ya samu a kusurwar hagu. Aka kafa sandar ƙarfe mai lanƙwasa a bango, ba waya ba, aka rataya ɗan gajeren labule, aka sa madubi da ƙugiyoyi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Lungun na kowa ne, dokarsa ɗaya: idan labule a ja yake, ba a buɗewa. Cikin kabad kuma aka raba shi ta tsayi, ba ta gefe ba: kantocin ƙasa na yaron, don ya iya ɗaukar kayansa da kansa, na sama na yarinyar.

Sai a ƙarshe aka zo kan kwalliya, kuma a nan aka sakar musu. Kowa ya zaɓi zanin gadonsa da rigar filo: ita kore mai ganyaye, shi ruwan ɗorawa mai taurari. A saman kowane gado aka kafa allo mai laushi, faɗinsa santimita 60, tsayinsa 40, inda mai gadon zai manna abin da ya ga dama ba tare da neman izini ba. Nata ya cika da zanen tsuntsaye da jadawalin darasi. Nasa hoton jirgin sama ne guda ɗaya, da wani busasshen ganye da ya ce kada kowa ya cire. Darduma ɗaya mai faɗin mita 1.4 da tsawon mita 2 aka shimfiɗa a tsakiya, su biyu suka zaɓe ta tare, bayan doguwar muhawara. Kayan wasan da aka tara musu tare suka shiga kwanduna biyu marasa suna a ƙarƙashin gado.

Doka ɗaya aka kafa wa ɗakin duka: gadonka, kantarka da allonka naka ne, ba mai taɓawa sai da izininka. Duk sauran, ƙasa da ƙofa da taga da darduma, na kowa ne.

Wata na 8 zuwa na 13: abin da ya biyo baya

Makon farko bai yi sauƙi ba. Yaron ya ƙi yarda a kwantar da shi alhali Yaya tana falo, sai da uban ya riƙa zama a bakin gadonsa har ya yi barci. A mako na 3 ya daina nema. Zuwa ƙarshen wata na 8 dawowarsa ɗakin iyaye ta ragu zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, daga baya ta zama sai idan ba shi da lafiya. Uwar ta ce wani dare ta ji shi ta bayan ƙofa yana cewa, "Yaya, kina nan?" Aka amsa masa cikin barci, "Ina nan, kwanta." Bai fito ba.

A wata na 10 aka sake ɗauko littafin rubutu na mako biyu, don a kwatanta. Rigingimun ba su kai rabin na da ba. Na fitila sun ɓace gaba ɗaya, na sauya kaya ma haka. Waɗanda suka rage a kan darduma suke: wa ya baza kaya, wa zai kwashe. Sau ɗaya yaron ya gano inda take ɓoye mabuɗi ya buɗe kantarta, aka hukunta shi, ita kuma ta sauya maɓoya.

Abu biyu ba su yi aiki yadda aka zata ba. Kwandunan ƙarƙashin gado sun yi zurfi, duk abin da ya faɗa ƙasansu sai a manta da shi, har aka maye gurbinsu da faffaɗan akwatuna marasa zurfi. Yarinyar kuma ta rasa teburin karatu a ɗakin, domin babu inda zai shiga, har yanzu a falo take aikin gida, cikin hayaniyar jariri. A wata na 12 ta ce ta gaji da kore. Sauya zanin gado da rigar filo kawai aka yi, ba a kira mai fenti ba.

Hukunci

Yunƙuri uku na farko kuskurensu ɗaya ne: an ba da amsa kafin a san tambayar. Fenti ya amsa tambayar "wane ne namiji, wace ce mace", gado mai hawa biyu ya amsa ta fili, labule ya amsa ta sirri amma ga mutum ɗaya. Abin da ke damun yaran kuwa bambancin shekaru ne fiye da bambancin jinsi. Tazarar shekara 3 a wannan matakin tana da yawa: ɗaya tana karatu, ɗaya yana yaga takarda, ɗaya tana neman a bar ta, ɗaya yana neman a zauna kusa da shi. Cikin matsaloli uku da littafin ya fito da su, ɗaya ce kawai ta shafi kasancewarsu mace da namiji, kuma ita ce mafi sauƙin magani.

A ganina raba ɗaki biyu daidai shi ne mafi munin abin da aka gwada, duk da ya fi kama da adalci. Ɗaki ba ya rabuwa daidai, domin ƙofa ɗaya ce, taga ɗaya ce, kuma duk inda aka ja layi sai wani ya samu abin da ɗan'uwansa ba zai iya rayuwa babu shi ba. Layin ya ba kowane yaro babban yanki da ba zai iya karewa ba, sai ya wuni yana gadi. Shirin ƙarshe ya ba kowa ɗan ƙaramin wuri wanda ba a taɓa masa da gaske, kuma da wannan ya tabbata, sai rabon sauran ya daina zama abin tsoro. Na kuma fi ba sauya lokacin kwanciya muhimmanci a kan duk wani katako da aka ƙera, ko da yake ba a kashe komai a kansa ba. Akwatin kusurwa ya yi aiki ne saboda ya ba da damar hakan, ya tare haske bai tare murya ba.

Gado mai hawa biyu ba laifi ba ne a kan kansa. A ɗaki mai dogon silin, babu fanka kusa, kuma ƙaramin yaron ya haura shekara 6, zai iya zama mafita mai kyau. A wannan ɗakin da wannan yaron ne bai dace ba, kuma da an auna tazarar fanka tun farko da an gane.

Shirin nan na wucin gadi ne, iyayen ma sun sani. Yarinyar tana da shekara 8 yanzu, kuma lungu mai labule ba zai ishe ta ba idan ta fara girma. Shekara 10 ita ce iyakar da ake yawan ambata: dokar gidaje ta 1985 a Ingila, alal misali, tana lissafa gida a matsayin mai cunkoso idan ya zama dole namiji da mace da suka kai shekara 10, waɗanda ba ma'aurata ba, su kwana ɗaki ɗaya. Wasu yaran sukan nemi a raba su tun kafin nan, kuma idan yarinya ta nema, ya kamata a saurare ta ba tare da jiran lissafin shekaru ba. Jaririn da aka haifa namiji ne, don haka shirin iyayen shi ne nan da shekara 2 ya koma ɗakin tare da wansa, a yanke wa yarinyar wani ɓangare na falo da bangon katako mai ƙofa. An riga an auna wurin: mita 2 da mita 2.4, kuma akwai taga a ciki.